Man Birki a Kunnen Gafir

Na gaji da jin yadda kuke ba da labarin Baffanku Haruna, shi ya sa a tarihin da nake rubuta muku na tsallake shekarun da na yi a kan tarakta na zo kan wannan shekara tun ina da sauran ƙarfi. Idona ba ya ɗaukar dogon rubutu yanzu, hannun ma in na cika shafi biyu sai ya hau rawa. Abin da kuka sani shi ne Haruna ya hana kakanku zuwa lambu, ya zaunar da shi a ƙofar gida har ya rasu. Haka ne, ya hana shi. Amma maganar daga kunnen kare ta faro, kuma ina cikinta dumu-dumu.

Baba a hankali ya kurumce. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, aka yi ta yi masa allurai, ya tashi da wata ƙara a cikin kai, da ƙarar ta tafi sai ta tafi da jin. Lokacin da nake ba ku labari, in za ka yi masa magana sai ka tsaya a gabansa ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken kogi. Saboda haka babu sirri tsakaninmu da Baba a gidanmu na Mafaza, duk abin da aka faɗa masa gidaje uku sun ji. Shi abin bai dame shi ba, don ransa ba a gidan yake ba. Yana can bakin kogin Rahad, a jarif ɗinsa, wato lambun da ake yi a gaɓar kogi idan ruwa ya ja baya. Kuɓewa, albasa, tumatir, kankana, in damina ta zo kogi ya cika kuma ya hau tudun da ke sama ya shuka dawarsa. Ubansa ne ya sare wurin lokacin da guzurin Makka ya ƙare musu a nan, Baba kuma tun yana yaro bai san wani wurin wuni ba. Tafiyar kusan awa guda ce daga gida, rabinta a kan hanyar da lorori ke bi zuwa Fau.

A wata guda abu biyu suka faru. Raƙuman makiyaya suka shiga suka cinye masa kuɓewa kakaf yana tsugune yana dashen albasa, taku goma ne tsakaninsu bai juyo ba. Sannan wata lori ta goge shi da gefen bodi, ya dawo gida da kafaɗa a goce. Haruna, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyar kuma shi ke riƙe da gidan da keken ɗinkinsa, ya ce zuwa lambu ya ƙare. Baba bai yi gardama ba. Ran kasuwa sai ga shi da ɗan kwikwiyo a cikin buhu, ja mai faɗin kunne, ya karɓo wajen wani makiyayi. Inna ta kama haɓa.

"Kare a gidan Alhaji? Mutumin da ya taka Makka da ƙafarsa?"

Baba ya gane maganar a bakinta ba sai ta maimaita ba.

"Ba ɗakinki zai kwana ba. Karen gona ne, je ki tambayi duk malamin da kika ga dama."

Ya sa masa suna Gafir, wato mai gadi. Ban san yadda aka yi ya koya masa ba, ina ganin junansu suka koya wa. In suna tafiya Gafir na bayansa ta hagu, da ya jiyo mota tun tana nesa sai ya sa kai ya ture gwiwar Baba zuwa gefen hanya. A lambu Baba na aiki yana satar kallon kunnuwan kare, duk inda suka miƙe suka nufa can zai duba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙailula. In rana ta take Baba ya kwanta a rakuba, 'yar rumfar da ya kafa, sai ya miƙe ƙafa ɗaya ya ɗora tafinta a kan haƙarƙarin Gafir. Ko biri ne ya sauko daga bishiya, ko raƙumi ya karya shinge, kafin kare ya yi haushi zai fara gurnani a ciki, gurnanin nan kuwa Baba a tafin ƙafa yake jin sa. Haruna ya bi su kwana uku yana kallo daga nesa, mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya auna shi kamar yadi. Ran na huɗu ya tsaya a tsakar gida ya faɗa da ƙarfi, kowa ya ji.

"Tayyib. Muddin karen nan yana ji, Baba ya je lambunsa. Ran da ya daina ji, kalas."

Shekara bakwai aka yi a kan wannan sharaɗi, ko ƙwarzane Baba bai sake samu ba.

A shekara ta takwas na dawo gida bayan an gama yankan dawa a mashru, manyan gonakin nan na tarakta inda nake tuƙi. Ban daɗe da auren mahaifiyarku ba, ina da agogo a hannu da tabarau a aljihu, kuma a ganina duk Mafaza babu wanda ya san duniya kamata. Tun daga zaure wari ya tare ni. Gafir na kwance ƙarƙashin dalbejiya ya karkatar da kai hagu, ƙudaje sun yi masa rumfa. Jim kaɗan sai ya girgiza kai, kunnuwan su yi fat-fat-fat, ya sa ƙafar baya ya yi ta susa har ya yi ƙara. Na ɗaga kunnen na leƙa. Cikin ya yi ja ya kumbura, wani ruwa mai kauri, baƙi-baƙi da ratsin rawaya, yana gangarowa ya manne gashin wuyansa. Inna ta ce ya fi wata guda a haka, tun ranar da ya bi wani zomo cikin ciyawa ya faɗa kududdufin kogi. Ta ce ta daina shanya kuɓewa a tsakar gida saboda ƙuda, kuma ya kai wa wata maƙwabciya cizo don ta taɓa masa kai, har an fara raɗe-raɗin ko haukan kare ne.

Maganin Baba shi ne man riɗi. Kullum da safe zai ɗumama shi a cokali, ya naɗa auduga a gashin kaza ya share bakin kunnen a hankali, ya ɗiga man, ya yi ta murza gindin kunnen yana yi wa karen magana. Sai abin ya lafa kwana biyu, ya dawo. Na kalli wannan aiki na kwana huɗu, ya ishe ni. Ku da kuka tashi kusa da asibiti ba za ku gane ba, amma mu a kambo, sansanin da direbobi da leburori ke zama a tsakiyar daji, man birki shi ne likitanmu. In ƙarfe ya yanke ka, man birki. In kunama ta harbe ka, man birki. Na ga wanda ya jiƙa auduga da shi ya cusa a ramin haƙori, ya yi ta birgima a ƙasa, da safe ya ce ya warke. Mun yi imani duk abin da ya yi zafi haka dole ya kashe cuta, kuma ina da gwangwani guda a jakata. Na san Baba ba zai yarda ba, shi ya sa ban tambaye shi ba.

Na bari sai ran Juma'a, ranar da yake ɗaure Gafir a gindin bishiya ya tafi masallaci da wuri. Karen ya san ni, da na tsuguna har kaɗa mini wutsiya ya yi. Na matse shi tsakanin gwiwoyina, na ɗaure masa baki da tsumma, na karkata kan na tsiyaya man a kunnen hagu har ya cika. Da a nan na tsaya, da wataƙila ba na wannan rubutu. Amma sai wayo ya zo mini, na ce cutar da ta kama hagu gobe za ta tsallaka dama, gara in yi rigakafi. Na juya kan na cika kunnen dama, wanda lafiyarsa ƙalau. Tsumman ya kwance. Ban taɓa jin dabba ta yi irin wannan kuka ba, kuma na yi shekaru ina jin sa in na rufe ido. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Idrisa, me ka yi wa dabbar nan?"

"Magani ne, Inna. Zafin na ɗan lokaci ne."

"Ni ba na son karen nan, kowa ya sani. Amma wallahi abin da ya sa shi wannan kuka ba magani ba ne."

Kafin Baba ya dawo kunnuwan biyu sun kumbura suntum. Gafir in ya tashi sai ya yi ta zagaye wuri ɗaya ya faɗi, ya yi amai, idanunsa na rawa. Baba ya durƙusa da rigar Juma'arsa a cikin ƙasa, ya shinshina kan karen, ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ba zan iya faɗa da ƙarfin da zai ji ba, don unguwa duka za ta ji tare da shi. Sai na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin na miƙa masa. Ya buɗe, ya shinshina, ya rufe, ya maido mini a hannu. Bai zage ni ba, ni kuwa a ranar zagin nake nema.

Kwana goma sha biyu bai je lambu ba. Ya wanke kunnuwan da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ya riƙa ba shi kunu da hannunsa, ya kore ƙuda da mafici kamar mai jinyar mutum. Da kumburin ya saɓe, wata safiya ya sa na riƙe masa madubin Inna na haska rana cikin kunnen hagu, ya zura hantsakin cire ƙaya ya daɗe yana lalube. Ya zaro wani ɗan tsinken ƙarangiya, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba, ya ruɓe ya yi baƙi. Ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ga cutar duka, Auta."

Daga nan mugunyar ta fara bushewa, warin ya tafi, Gafir ya miƙe ya ci abinci, sai dai kan ya zauna a ɗan karkace. Abin takaici, ni aka yi ta yaba wa. Inna ba ta faɗa wa kowa kukan da ta ji ba, maƙwabta dai sun san ɗan Alhaji direba ya zo da magani daga mashru, wata guda ana fama ya gama da abin. Har wani ya zo da jakinsa mai gyambo yana roƙon in ɗiga masa. Haruna ma ya dafa kafaɗata ya ce ashe tuƙin nan da amfaninsa. Na karɓi yabon.

Wata rana da hantsi babban farantin Inna na ƙarfe ya kuɓuce mata ya faɗi a kan dutsen niƙa. Kaji suka watse, jaririn maƙwabta ya tsala ihu, ni kaina sai da na zabura. Mutum ɗaya da dabba ɗaya ne ba su motsa ba. Baba na gyaran ƙotar fartanya, Gafir na barci a gefensa, kunnen ko ɗagawa bai yi ba. Inna tana can tana faɗa da farantin, ba ta lura ba. Ni kuwa na lura. Washegari na bi su lambu, na bari Gafir ya ba ni baya, na kira sunansa, na yi fito, na buga galan da sanda. Yana kallon kogi abinsa. Da na juyo sai na ga Baba ya dogara da fartanya yana kallona. A lambu ne kaɗai muke iya magana, don babu mai jin mu sai tsuntsaye.

"Na riga ka sani," in ji shi. "Tun da muka dawo lambu ƙafata ba ta ji komai ba. Jiya birai suka sauko har bakin rakuba, yana barci ina barci."

Na durƙusa na fara ba shi haƙuri da iyakar muryata. Ya ɗaga mini hannu.

"Ma'alesh, abin da ya faru ya faru. Abu ɗaya nake so a wajenka. Kada Haruna ya ji."

Na hau lori na tafi Gadarif neman mai maganin dabbobi. Na samu wani dattijo a ofis yana shan shayi, ga hotunan shanu da raƙuma a bango. Da ya ji a kan kare na yi wannan doguwar tafiya sai ya yi dariya, da ya ji abin da na zuba sai dariyar ta tsaya. Ya ce kunnen kare rami ne mai lanƙwasa, ruwa da ƙaya in sun shiga ba sa fita da kansu, shi ya sa yake ruɓa. Ya ce kunnen da ya daɗe yana mugunya sau da yawa dodonsa ya riga ya huje, duk abin da aka tsiyaya sai ya zarce can ciki inda ji yake, abin da ya ƙone a can kuma ba ya tsirowa. Da tun farko an kawo shi, hantsaki da ɗigon magani sun isa. Na ce to na daman fa, shi ba ya ciwo. Ya ajiye kofin.

"Ya zol, bawan Allah, shi kuma mai lafiyar laifin me ya yi maka?"

Ya ba ni wani ɗigo ya ce in ruwan ya dawo a riƙa sa masa, amma kada in sa rai da ji. Na dawo Mafaza da kwalba a aljihu.

Abin da na ga zan iya shi ne in zama kunnen da na lalata. Wata uku cur, kullum da sassafe ina bayansu, Baba a gaba, Gafir a hagunsa kamar yadda ya saba, ni a baya. In na jiyo mota sai in ja rigar Baba. In ya kwanta ƙailula ya ɗora ƙafa a kan kare, don bai daina ba, ni sai in zauna a bakin rakuba ina korar birai da hoge. Haruna in mun wuce shagonsa sai ya leƙo ta saman keke.

"Sannu manomi! Ina agogon da tabarau?"

Sai in yi yaƙe in wuce. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa kusantar Baba kamar a watannin nan ba. Ya koya mini yadda ake gane ƙasar da ke riƙe da danshi, ya ba ni labarin hanyar da suka biyo daga yamma wanda ban taɓa ji ba, yana yi yana dariya da ƙarfi irin ta kurame. Amma na gaji. Na gaji da tafiyar, na gaji da sa ido, na fi gajiya da ƙaryar. Duk sanda Haruna ya shigo gida sai in tashi in tsaya tsakaninsa da karen, kada ya kira shi ya ga bai juyo ba.

Sai gajimare ya fara taruwa ta gabas, mai gonar da nake wa aiki ya aiko a ce in zo a fara huɗa, in ban zo cikin mako ba zai ba wani taraktar. Mahaifiyarku na da cikin Amina wata bakwai. Na gaya wa Baba a lambu. Ya ce in tafi.

"Hanyar nan na san ta, shi ma ya san ta. Ido huɗu gare mu, bas, sun isa."

Na so in yarda da shi. Don in kwantar da hankalina, washegari na ce na manta abu a gida, na bar su suka yi gaba, na biyo su daga nesa. Lokacin ne lorori ke rige-rigen kwashe kaya kafin laka ta rufe hanya. Muna cikin kwanar da itatuwan ƙaya suka rufe sai na jiyo wata ta taho da gudu, an lafta mata buhunan gawayi. Direban ya danna hon tun daga nesa, ya saba mutane su kauce. Su biyun suna tsakiyar hanya suna tafiyarsu a natse, Baba da fartanya a kafaɗa, Gafir da kansa a karkace. Na yi ihu, na san babu amfani amma na yi, na ruga da gudu. Direban ya murɗe sitiyari ya faɗa cikin daji, lorin ta yi tangal-tangal a kan tsagaggiyar ƙasa, buhuna suka zubo. Iskar wucewarta ce ta ɗaga rigar Baba, sannan ya waiwayo. Direban ya diro yana zagi da Larabci, bai bar uwa ba bai bar uba ba. Baba ya kalli buhunan, ya kalli karen, ya kalle ni ina haki.

"Ban ga wannan ba," ya ce a hankali. "Gobe zan riƙa bin gefe."

Na raka shi lambu, na ce zan je in dawo. Ban tsaya ko'ina ba sai shagon Haruna. Rana ta take, kasuwa ta yi shiru, yana ɗinkin wata jallabiya fara. Na zauna a kan benci na faɗa masa komai, tun daga gwangwanin har gawayin da ya zube, da alkawarin da na yi wa Baba. Ƙafarsa ba ta daina taka keken ba sai da ya kai ƙarshen layin. Ya ciji zaren ya tsinke.

"Duka biyun ka zuba wa?"

"Duka biyun, Yaya."

"Baba ya san ka zo nan?"

"A'a."

"To kada ya sani. Tashi ka koma ka taho da shi, kuma in na fara magana ka rufe bakinka."

Bayan la'asar Baba na zaune a kan angarib, gadonsa na igiya, yana shan jabana, wato gahawa. Haruna ya shigo ya wuce ta bayan Gafir ya tafa hannu sau uku da ƙarfi. Karen bai motsa ba. Ya zagayo ya tsaya a gaban Baba. Ku tuna, babu yadda za a yi masa magana a hankali. Abin da ɗa zai durƙusa ya faɗa wa ubansa cikin ladabi, shi dole ya faɗe shi da ihu, jijiyoyin wuya a miƙe, mata na leƙe ta kan danga.

"Karen nan ba ya ji! Na daɗe ina lura da shi, yau na tabbatar! Daga yau babu zuwa lambu!"

Baba ya ajiye finjalin. Ya ce kare na gani, shi ma yana gani. Ya ce shi ya haifi Haruna, ba Haruna ya haife shi ba. Ya ce ubansa ya sare wurin nan da hannunsa. Daga baya ya koma roƙo, abin da ban taɓa gani ba, ya ce a bar shi ko zuwa kaka ne ya ga dawar bana. Haruna ya maimaita maganarsa da ihu, ba ƙari ba ragi. Sai Baba ya juyo ya dube ni, kallon wanda aka kama su tare, har da ɗan gyaɗa mini kai, wai kada in damu, ya san na riƙe amana. Na sunkuyar da kai. Kwana biyu bayan nan na hau lori na koma mashru.

Damina biyu ya ƙara a duniya. An ba wani maƙwabci lambun yana nomawa. Baba ya sa aka fitar masa da angarib ƙofar gida, nan yake wuni yana fuskantar hanyar kogi, Gafir a ƙarƙashi, ƙafarsa a kan haƙarƙarinsa. Duk damina kunnen hagun sai ya tashi, ruwan ya dawo da warinsa da ƙudajensa, Baba ya share ya ɗiga maganin kwalba, da ya ƙare ya koma man riɗi. Wannan ne kaɗai aikin da ya rage masa. Jikinsa ya saki, kafaɗun nan suka zube. Tun daga ranar bai sake amsa gaisuwar Haruna ba. Haruna zai durƙusa da safe ya gaishe shi, sai ya kau da kai. In an kawo abinci daga ɓangaren Haruna sai ya ture kwanon da bayan hannu, dole aka koma mahaifiyarku ce ke dafa masa don Inna ta daina girki, alhali hatsin daga rumbu ɗaya yake fitowa. In na dawo hutu kuwa sai fuskarsa ta washe, ya matsa mini wuri, ya riƙe hannuna yana kiran Auta. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa ni na kai wa Haruna maganar, sai in tuna da ihu zan faɗa, a ƙofar gida, kowa na ji. Wannan uzuri na riƙa ba kaina. Gaskiyar ita ce ina son matsa mini wurin da yake yi, kuma ina tsoron ya daina.

Gafir ya riga shi da wata huɗu, ruɓar ta shige masa ciki, ya daina ci. Bayan nan Baba ya daina fitowa ƙofar gida. A ciwonsa na ƙarshe ko ruwa ba ya karɓa sai daga hannuna. Haruna ne ya kawo mai allura, shi ya ɗinka likkafani da kansa, amma ranar da Baba ya sa mana albarka kaina kaɗai ya dafa. Haruna na tsaye a bakin ƙofa, ya jira, ya jira, sannan ya fita.

Ranar da aka tashi zaman makoki, mutane sun watse, mu biyu muna naɗe tabarmi a rumfa. Ban iya daurewa ba. Na ce, Yaya, shekara biyu kana gaida mutum yana kau da kai, kalma ɗaya za ka faɗa ya san ni ne na kai maka maganar, me ya hana ka? Bai daina naɗin ba. Ya ɗaure tabarmar, ya jingine ta da ginshiƙi, ya ɗauki wata. Na ga shi ma ya tsufa, ban san yaushe ba.

"Lambun ya riga ya tafi, Idrisa, ko na faɗa ko ban faɗa ba," in ji shi. "Mu biyu gare shi. In ya yi fushi da mu duka, a hannun wa zai ci abinci?"

Ya miƙo mini bakin tabarmar ya ce in kama, mu gama kafin magariba.